Daga XP Zuwa Windows 10: Tarihin Kwamfutocinmu Da Ranar Da Mai Faci Ya Tashi

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshensa, musamman 'yan uwana ma'aikata, da shugabannin makarantu, da masu shagunan buga takardu.

Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Washegari Laraba duk mai kwamfuta a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ya kunna abarsa, ta taso lafiya lau, firinta ta buga takarda, babu abin da ya yi hayaƙi. Shi ya sa da yawa suka ce zancen 'yan kasuwa ne kawai, so suke a sayi sabuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zargi, zan zo kansa. Amma wannan shi ne karo na uku da aka yi wa babbar manhajar da yawancinmu ke aiki da ita irin wannan sallama: 2014, 2020, yanzu kuma 2025. Duk karo ukun ranar ba ta zo mana ba zato ba, an faɗe ta shekaru kafin ta zo. Abin da nake son mu duba shi ne yadda muka iso nan.

Da farko, mene ne ma janye hannun? Windows ita ce uwar manhajojin da ke cikin kwamfuta, a kanta Word da Excel da sauransu suke zaune. Mutane ne suka rubuta ta, layi miliyoyi, don haka ba ta rasa kafofi. Kullum akwai masu neman kafofin nan, wasu don a toshe, wasu don su shiga su yi ɓarna. Tun 2003 Microsoft ya tsayar da al'ada: duk Talata ta biyu a wata yana sakin faci, kwamfuta ta sauke ta intanet ta liƙe inda aka gano ya huje. To, wannan facin ne ake dainawa. Ku ɗauka gidan ƙasa ne da aka saba yi masa yaɓe duk shekara kafin damina. Shekarar da aka daina, gidan ba ya faɗuwa a ranar. Yana nan tsaye, ana kwana a ciki. Sai dai duk tsagewar da ta fito daga ranar, ta zauna ke nan. Kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani abu ma da ya fi wannan. Sabuwar Windows ba daga sama ta faɗo ba, yawancin jikinta gadon tsohuwar ne. Duk lokacin da aka saki faci don Windows 11, masu kutse sukan zauna su kwance shi su ga wace kafa aka toshe, sannan su koma su duba ko tana nan a Windows 10 ko 7. Sau da yawa tana nan. Wato facin sabuwa shi ne shelar inda ƙofar tsohuwa take a buɗe.

Yanzu mu koma baya, mu fara daga 2001, don shekarar tana da muhimmanci gare mu mutanen wannan yanki. A wannan shekarar aka kafa hukumar NITDA ta bunƙasa fasahar sadarwa a Najeriya. A watan Agusta layukan GSM suka fara aiki, Econet da MTN. Ranar 25 ga Oktoba Microsoft ya fito da Windows XP. A wannan shekarar dai, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure tare da haɗin gwiwar Informatics ta ƙasar Singafo. Jigawa na da shekara goma kacal da ƙirƙira, ana kiranta jihar karkara, amma sai ga ta ana ambatonta a maganar kwamfuta da intanet, ga Galaxy a Dutse, ga yaranmu ana turawa Singafo ƙaro karatu. Kowa da ra'ayinsa a kan siyasar wancan lokaci, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ba a musu a kai shi ne, Kazaure ta zama garin da ake zuwa koyon kwamfuta daga wasu jihohi, ga kuma kwalejin Hussaini Adamu da gwamnatin tarayya ta karɓa a 2007.

Saboda haka mu da muka taso a wannan zamani, XP ce ta yaye mu. Wa zai manta hoton nan na koren tudu da shuɗin sama, kai ka ce tsaunukan Roni ne a watan Agusta? A kanta aka koyi riƙe linzamin kwamfuta, a kanta aka yi bankwana da tafireta da injin gurza takarda. Akawun da ya shekara ashirin yana buga wasiƙa da takardar kabon, in ya yi kuskure ɗaya ya sake daga farko, shi ne ya ga ana goge harafi ba tare da an yaga takarda ba. Ba abin mamaki ba ne mutane suka ƙi rabuwa da ita. Da Vista ta fito a 2007 ta zo da nauyi, injinanmu ba sa iya ɗaukarta, sai aka ƙara riƙe XP gam.

Amma daga ina kwamfutocin suke zuwa? Na gwamnati na kwangila ne, sababbi a kwali, a yi bikin ƙaddamarwa, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Na sauran jama'a gwanjo ne, daga Computer Village ta Ikeja zuwa titin Beirut a Kano, daga nan a sa a motar Kazaure ko ta Babura. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Legas duk wata, kuma kaso mai yawa a ciki sun riga sun mutu. Wato abin da ofisoshin Turai suka gama da shi saboda lokacinsa ya kusa cika, shi muke karɓa a matsayin sabon shiga. Tun daga ranar da kwamfutar ta shigo hannunmu, rabin shekarunta sun tafi.

Windows ɗin da ke ciki kuwa, mu faɗi gaskiya, yawanci ba na asali ba ne. Faifai guda na mai gyara shi ke zagaye gari, shago zuwa shago, ofis zuwa ofis. Kuma abu na farko da mai gyara yake yi bayan ya ɗora shi ne ya kashe sabuntawa, don kada kamfani ya gane, don kuma kada ta cinye data. Ke nan da yawa daga kwamfutocinmu ba su taɓa karɓar faci ba ko a lokacin da ake bayarwa kyauta. Sakamakon kowa ya gan shi: cutar filash. Ka kai takardarka shago a buga maka, ka dawo gida ka tarar duk fayilolinka sun ɓace sun bar inuwarsu. A wani ofis da na taɓa aiki, jerin sunayen ma'aikata gaba ɗaya, da matakin albashi da ranar ɗaukar kowa aiki, a kwamfuta ɗaya tak yake. Wani ya soka filash don ya buga katin ɗaurin aure, shi ke nan. Sati biyu ana kwaso fayil-fayil daga sito ana sake bugawa da hannu, kuma a wajen sake bugawar aka yi wa wani dattijo kuskuren shekarar haihuwa, ya yi ta zarya kafin a gyara masa. Ba kutse daga ƙasar waje ba ne, ba komai ba. Katin biki ne.

Sai ranar 8 ga Afrilu 2014 ta zo, aka sallami XP bayan shekara goma sha biyu da 'yan watanni. A lokacin an ƙiyasta cewa mafi yawan na'urorin ATM na duniya a kanta suke tafiya, bankuna suka shiga rige-rigen sauyawa. Gwamnatin Birtaniya, da ta ga ba ta shirya ba, ta biya Microsoft kimanin fam miliyan biyar da rabi don a ci gaba da ba ta faci na shekara guda. Rundunar sojan ruwan Amurka ma ta biya sama da dala miliyan tara a 2015. Ku lura, waɗannan ba su fi mu son XP ba. Lissafi suka yi, suka ga kuɗin facin bai kai asarar da za a yi in an shigo musu ba. Mu a nan ranar ta wuce kamar kowace Talata. Shekaru bayan haka ana shiga ofis a ga koren tudun nan yana nan daram.

Abin da ya nuna wa duniya ma'anar wannan magana ya faru ne ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017. Wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu cikin sa'o'i, ta kama kwamfutoci sama da dubu ɗari biyu a ƙasashe kusan 150. Aikinta garkuwa ne: ta kulle duk fayilolin da ke ciki, ta rubuto a allo cewa a biya dala 300 ta Bitcoin kafin a sake su. Ba sai ka danna komai ba. In dai kwamfutarka na haɗe da wata mai ɗauke da cutar, ta hanyar da Windows ke raba fayiloli tsakanin kwamfutoci take bi ta shigo. Makamin da ta yi amfani da shi hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta ƙera, aka sace shi aka watsa a intanet wata guda kafin nan. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

A Ingila hukumar lafiya ta NHS ce ta fi jin jiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocinta abin ya shafa, aka soke ganin likita da tiyata kimanin dubu goma sha tara, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci. Ma'aikatar lafiyarsu ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Kamfanin motoci na Renault a Faransa ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Wani matashi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya gano makunnin da ya tsayar da yaɗuwarta. Abin ya kai Microsoft ya karya dokarsa, ya fitar da faci na gaggawa har ga XP da ya sallama shekara uku baya.

Ga inda darasin yake, kuma mutane ba su cika faɗa ba. Yawancin kwamfutocin da WannaCry ta kama ba XP ba ne, Windows 7 ce, wadda a lokacin ba a janye mata tallafi ba. Facin da zai kare su ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Ba a ɗora ba ne kawai. Ke nan a wajen ɓarawo, kwamfutar da aka kashe wa sabuntawa da wadda kamfani ya sallama duk ɗaya ne. Bambancin shi ne ta farko tana da magani a ajiye, ta biyu kuwa an rufe kantin maganin.

Windows 7, da ta fito a 2009, ita ta gaji XP a zukatanmu, kuma ita ma aka sallame ta ranar 14 ga Janairu 2020. Wata biyu bayan nan korona ta rufe ƙasa, ba wanda ya sake tuna zancen. Sai dai a wannan karon matsalar ta fito ta wata fuska. A farkon 2023 Chrome ya daina sabunta kansa a kan Windows 7. Sannu a hankali shafuka suka fara ƙin buɗewa yadda ya kamata, alhali rayuwarmu ta koma kan shafukan: JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, rajistar makaranta, biyan kuɗi ta Remita, neman aiki, duk ta intanet. Wanda bai fahimci wannan ba ya tuna ranar da WhatsApp ya daina aiki a wayoyin BlackBerry a ƙarshen 2017. Wayar lafiyarta ƙalau, batir na riƙe caji, amma duniya ta wuce ta bar ta.

Yanzu ga mu a Windows 10, wadda ta fito a watan Yuli 2015. Wannan karon ya bambanta, kuma a nan ne masu zargin 'yan kasuwa suke da hujja. A baya in an sallami Windows sai ka ɗora ta gaba a kan injinka. Windows 11, da ta fito a Oktoba 2021, ta zo da sharaɗi: sai injin yana da wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarsa in Intel ce sai daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajen 2017 zuwa yau. Ku duba laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu da ma'aikatanmu, su HP Folio da tsofaffin EliteBook da Dell Latitude. Yawancinsu ba su cika sharaɗin ba, alhali suna aiki tsaf. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharaɗin, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ba irin wannan kwamfuta faci ba. A wannan rana ta 14 ga Oktoba kuma aka sallami Office 2016 da 2019. Da tsadar dala, ba ƙaramin abu ba ne a ce wa malamin firamare a Gwiwa ya sayi sabuwar kwamfuta. Kuma ku sa ido, gwanjon da zai cika titin Beirut nan gaba kaɗan shi ne wanda ofisoshin Turai suke zubarwa yanzu saboda wannan dalili. Zai zo da araha, ku tambayi dalilin arahar.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Na ɗaya: ai da tsohuwar zuma ake magani. Haka ne, amma zuma ba ta da maƙiyin da ke kwana yana neman ƙofarta. Na biyu: kwamfutarmu ba ta hawa intanet. To filash fa? Wayar da ake sokawa don caji fa? Cutar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injina a tashar nukiliyar Iran ta Natanz, an ƙera ta ne ta yadda za ta bi filash ta isa kwamfutocin da ba sa haɗe da intanet. Na uku, wanda ya fi yawa: wa zai damu da mu a Roni, me muke da shi? Irin waɗannan cututtuka ba sa tambayar sunan gari, duk ƙofar da suka taɓa ta buɗe shiga suke. Sannan mu duba abin da ke cikin kwamfutocin: jerin albashi da lambobin asusun banki, takardun fansho, sakamakon ɗalibai na shekara da shekaru, bayanan marasa lafiya, takardun filaye, hotunan katin NIN da shagunan buga takardu ke tarawa ba sa gogewa. Ba na mai kwamfutar ba ne, amanar mutane ce. Tun watan Yuni 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan wani nauyin tsare su.

In na tattara tarihin nan na shekara ashirin da huɗu, abu ɗaya nake gani yana maimaituwa. Mun iya sayen kwamfuta, ba mu iya riƙonta ba. A kasafin kuɗi akwai layin saye, domin shi ke da kwangila da biki. Layin kulawa, da lasisi, da sauyawa bayan shekara biyar ko shida, shi ake fara sokewa. Motar ofis kowa ya yarda tana shan mai, ana mata juyen baƙin mai, tana da ranar gwanjo. Kwamfuta kuwa mun ɗauke ta kamar kabad, a ajiye a kusurwa har sai ta mutu. Alhali ita ranar ƙarewarta a rubuce take tun ranar da aka saye ta.

To mene ne abin yi, da kuɗi ko babu kuɗi?

Na farko, ƙidaya. Kowane ofis da makaranta su san kwamfuta nawa gare su, wace Windows ke kan kowacce, me aka ajiye a ciki. Wannan biro da takarda kawai yake buƙata.

Na biyu, kwafi. Duk abin da in ya ɓace za a yi kuka, a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a faifan ajiya na waje da ake cirewa a kulle a durowa. Mai garkuwa da fayil ba shi da ƙarfi a kan wanda ke da kwafi.

Na uku, wadda ta cika sharaɗin Windows 11 a ɗora mata, kyauta ne ga mai Windows 10 na asali. Wadda ba ta cika ba, Microsoft ya buɗe ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft. Na ma'aikatu ya fara daga dala 61 kowace kwamfuta, yana ninkawa duk shekara, iyakarsa shekara uku. Lokaci ne ake saye, ba mafita ba.

Na huɗu, Linux, irin su Ubuntu da Mint. Kyauta ne, suna samun faci, kuma suna tafiya a kan tsofaffin injina. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya sun daɗe a kansa. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan dubu talatin kansa. Ba sihiri ba ne, yana son horo, kuma birnin Munich da ya fara tun 2004 ya sha ja-in-ja a kai. Amma ga ɗakin kwamfuta na sakandare, da ofishin da aikinsa wasiƙa da lissafi ne, ya wadatar.

Na biyar, wadda dole sai ta zauna da tsohuwar Windows saboda wata na'ura ko manhaja da ba ta aiki sai da ita, a raba ta da intanet, a hana soka mata kowane filash, a san mutum ɗaya da ke da alhakinta.

Ma'aikatan da za su yi wannan aiki kuwa ba sai an ɗauko daga Legas ba. Ga Informatics, ga Hussaini Adamu, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Duk shekara ɗalibansu na yawon neman inda za su yi aikin sanin makama, a ƙarshe a zaunar da su suna sayo wa oga abinci. Da za a raba su sakatariyoyi da makarantu da asibitocin ƙananan hukumomin nan huɗu, kowa da takardar ƙidaya a hannu da malami mai duba shi, zango ɗaya ya isa a san halin da ake ciki. Yankin da ya yi suna da makarantar kwamfuta bai kamata a same shi yana riƙe da fanshon mutane a kan manhajar da aka sallama tun 2020 ba.

Gobe in ka shiga ofis, danna maɓallin Windows da harafin R tare, ka rubuta winver, ka danna Enter. Zai nuna maka wacce kake kai. In ka ga 7 ko 10, ka sanar da shugabanka a rubuce, ka ajiye kwafin takardar. Masu gyaran kwamfuta da malaman fannin da ke cikin abokaina, ku ƙara mana da abin da kuke gani a shagunanku da azuzuwanku.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kare mu daga asarar da za a iya kauce mata. Amin.